Bargon Ƙyallaye da Saƙin Baffa

Shekarar da soja suka karɓi mulki daga hannun farar hula, a tsakiyar sanyi, ita ce shekarar da mahaifina ya kwanta ciwon haƙarƙari. Ba na mantawa, domin safiyar da rediyon maƙwabta ya cika unguwa da kiɗan soja, ina durƙushe a bakin murhu ina dafa masa ruwan citta da kanumfari. Maza suna ta kai da kawo a waje suna tambayar juna abin da ya faru, shi kuwa yana ɗaki yana rawar ɗari har gadonsa na ƙara.

Ƙauyenmu yana bakin babban kanal, tsakanin Bunkure da Kura. Tun da aka kawo mana ruwan noman rani sanyinmu ya sake hali. Ruwa yana kwance ko'ina a gonakin alkama da na tumatir, sai sanyin ya zama mai laima, mai bin ƙashi. Malamin asibitin da yake zuwa yi wa Baba allura ya ja ni gefe ya ce, “Allura tana nata aikin, amma in ba ku rufe tsohon nan da kyau ba, wahalar banza nake yi.”

Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ni ce kuma 'yarsa da take kusa. Maigidana ya ba ni izini na dawo gida jinya. Na duba bargon Baba, na ga ya ci duniya har ana hango rana ta cikinsa. Daminar bara ta yi gardama, kaya sun yi wuya a kasuwa, tumatir ɗin maigidana kuwa ko ja bai fara ba. Na tara masa zannuwana uku a kan tsohon bargon, bai daina rawar ba.

Baba tela ne. Ya fi shekara talatin yana taka keke a rumfar kasuwa kafin idonsa ya yi rauni ya dawo da keken gida, ya ajiye shi a ɗakin da ke kusa da zaure. A ɗakin nan akwai wani buhu rataye a jikin azara, an ɗaure bakinsa tam. Tun ina budurwa nake ganinsa, na san ƙyallaye ne a ciki, ban taɓa tambaya ba. Ranar nan na taka turmi na sauko da shi.

Na zazzage shi a kan tabarma a tsakar gida, inda rana take sauka da hantsi. Ga guntayen atamfa, ga akoko, ga alawayyo da ya koma ruwan ƙasa, ga kakin 'yan makaranta, ga shadda, har da wani ɗan karan-miski ja da bai fi yatsa uku ba. A cikinsu na tarar da waɗanda Baba ya riga ya haɗa da kansa gida-gida, wani ƙyalle huɗu, wani tara, ɗinkin a miƙe kamar an ja layi. Da gani rigunan matashin kai ya so yi, ko wandunan yara na sayarwa, sai ya bari. Na ce a raina, ai ga rabin aiki an yi mini.

Sai dai gidajen ba su zo daidai ba. Wani ya kai faɗin faifai, wani bai wuce tafin hannu biyu ba. Na jera su na sake jerawa, ko ta ina sai a sami giɓi. Da na ga rana tana tafiya, sai na bar neman tsari. Na ɗauki biyu na haɗa. Inda ɗaya ya gaza na ƙara masa dogon ƙyalle, inda ya zarce na sa almakashi. In na ga kaki ya taru wuri ɗaya ya yi duhu, sai in tsaga shi da jar atamfa. Wani gefen ya karkace kamar kunyar gonar da aka yi da gajiya, na bar shi a karkacensa, na cike da alawayyo. Abin da na sa a gaba shi ne ya yi faɗi, ya yi nauyi, ya kuma ƙare da wuri.

Baba yana jin ƙarar keken daga ɗakinsa. Ya ɗaga murya da ƙyar ya ce, “Wace ce take azabtar mini da keke?”

Na ce, “Ni ce, Baba. Ɗan faci nake yi.”

Ya ce, “To sassauta ƙafa, ba daka kike ba.”

Ban gaya masa abin da nake facin ba. So nake ya gani a gama.

A can ƙasan buhun na sami wani abu a naɗe shi kaɗai cikin takardar siminti. Da na buɗe sai na ga 'yar rigata ce ta saƙi, wadda Baba ya ɗinka mini da wata Sallah ina 'yar shekara bakwai ko takwas. Saƙi na gaske, mai zanen zabo, wanda ya sha bugu. Ban taɓa mallakar abin da na so kamarta ba. Hannuwanta sun ruɓe, amma gaban yana nan da ƙarfinsa. Na yanke gaban na dasa shi a tsakiyar bargon, na kewaye shi da fari don ya fito.

Kwana huɗu na yi. Na yi masa baya da tsofaffin zannuwan mahaifiyata guda biyu, na shimfiɗa auduga a tsakani, na bi shi da babbar allura ina ƙullawa kowane taƙi don kada audugar ta taru gefe ɗaya. Da na ɗaga shi sai da na sa hannu biyu.

Bayan sallar Azahar na shiga na lulluɓa masa. Idonsa a rufe. Na zauna a bakin gado ina kallo, a hankali rawar ta ragu, kafaɗunsa suka sauka. Na yi wa Allah godiya. Can sai hannunsa ya fito yana shafa bargon, kamar yadda mai barci yake yi. Yatsan ya bi wani ɗinki ya tsaya. Ya koma ya sake bi.

Ya ce, “Ɗaga asabarin nan.”

Na ɗaga, haske ya shigo. Ya yunƙura ya dogara da gwiwar hannu, ya kawo fuskarsa kusa da bargon yana dubawa.

“Daga ina kika samo waɗannan?”

“A buhun da ke rataye ne, Baba.”

Ya yi salati. Sannan ya sa ƙafa, mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa, ya ture bargon har ya zube ƙasa.

Ya ce, “'Yar nan, kin lulluɓe ni da haƙƙin mutane.”

Ya koma ya kwanta yana haki, rawar ta dawo fiye da da. Da numfashinsa ya daidaita ya yi mini bayani. Duk abin da ke cikin buhun nan ragowar yadin mutane ne. Mutum zai kawo ɗinki, a yanka, abin da ya saura tela ya tura ƙarƙashin keke, ba wanda yake tambaya. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi. Har ya fara haɗa su don ya sayar. Sai wata shekara da azumi ya zauna tafsiri, aka zo kan masu tauye awo, ya dawo gida bai iya shan ruwa da daɗi ba. Ya ɗaure buhun ya rataye, da niyyar wata rana zai bi masu su. Kunya ta hana shi, shekaru suka yi ta wucewa.

“Yanzu ga shi kin kawo mini su har kan ƙirjina. In Allah ya ɗauki raina a cikin wannan, da me zan amsa?”

Na ce, “Baba, ƙyalle ne fa. Waɗansu ko bakin tulu ba za su toshe ba. Ka rufa ka sami lafiya tukuna, sai a yi maganar.”

“Ke kika san zan sami lafiyar?”

Na mayar masa da tsohon bargon da zannuwana. Haƙoransa suna haɗuwa, sabon bargon yana ninke a kan tabarma taku biyu daga gadonsa.

Na aika aka gaya wa limamin unguwarmu, ya zo bayan La'asar. Ya saurari Baba har ya gama, ya ɗaga gefen bargon ya duba, ya ce, “Malam, abin da bai kai tafin hannu ba, al'ada ta riga ta yafe shi, mai yadi ya san da shi ya bar maka. Wanda ya fi haka, a nemi mai shi. In ya rasu, a nemi magadansa.”

Baba ya yarda da wannan. Ya sa na shimfiɗa bargon a ƙasa inda haske yake, na ɗauko tawada da alƙalami da takarda. Yana nunawa da sandarsa yana faɗa, ina rubutawa da ajami kamar yadda ya koya mini. Mutumin da yake manta ko ya sha magani da safe, sai ga shi yana cewa wannan koren na matar mai unguwa ne, na sunan ɗanta na biyu, wannan shaddar ta mai sayar da takin zamani ce, wannan mai hoton tsuntsu na Bafulatanar da take kawo mana nono ne. Bai yi kokwanto a kan ko ɗaya ba. Sandar ta kewaye bargon duka, amma ba ta sauka a tsakiya ba. Na ɗauka don ya san rigata ce.

Washegari da hantsi na ɗora bargon a ka na kama bakin kanal. Kafin in fita na bar masa garwashi a kasko, na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa leƙa shi. Kowane gida na shiga sai in yi sallama, in gaisa, in shimfiɗa bargon in nuna wurin. Ba abin da ya fi mini wuya kamar gaisuwar, domin ba a yanke ta, ni kuwa zuciyata tana gida. A tambaye ni maigida, a tambaye ni yara, a kawo ruwa, ni ina lissafin ko garwashin ya mutu.

Matar mai unguwa ta daɗe tana kallon koren nata, ta ce, “Ikon Allah! Yaron da na yi wa sunan nan yanzu 'ya'yansa uku. Ki ce wa Malam na yafe duniya da lahira. Amma wa ya koya miki haɗa kore da wannan ruwan ɗorawar? Ai sai ya tashi mai barci.”

Mai takin zamani ya rasu. Ɗansa na samu a gona yana buɗe wa albasa ruwa, laka har gwiwa. Bai ma tsaya na warware bargon ba, ya ce, “Yaya, na yafe, na kuma yafe a madadin ƙannena, in sun ƙi ki turo su gare ni.” Da na koma na faɗa wa Baba, ya ce ba a yafe rabon wani, sai na koma na bi ƙannen ɗaya bayan ɗaya. Wannan kaɗai ya ci mini yini guda.

Bafulatanar kuwa, a rugarsu can bayan gonakin alkama, dariya ta yi har ta riƙe ciki. Ta ce, “Tsoho ya tsorata ke nan! To ki gaya masa shekarar da shanu suka ƙi nono, ba sau ɗaya ba na tsawaita nasa da ruwan rijiya. In ya yafe nawa na yafe nasa.” Da na kai wa Baba wannan saƙon, shi ne karo na farko da na ga ya yi murmushi tun da ya kwanta. Murmushin ya ƙare da tari mai tsawo, na ga abin da ya tofar na ɓoye kaskon tofar da yawun da sauri.

Kwana uku ina wannan yawon. Malamin asibiti ya zo ya ga bargon a ninke, ya ga mara lafiya yana karkarwa, ya kalle ni ya ce, “Ado kika yi shi don a ajiye?”

Ranar da na ja layi a kan suna na ƙarshe, na shiga da bargon na ce, “Baba, an gama. Kowa ya yafe.”

Ya ɗaga hannu ya tare. “Saura na tsakiya.”

“Wannan ai rigata ce. Kai ka ɗinka mini.”

“Ni na ɗinka. Kin taɓa tambayar inda na sami saƙi a shekarar nan, alhali ko hatsin Sallah da ƙyar muka haɗa?”

Ya juyar da fuskarsa bango, sannan ya faɗa mini. Yana da taubashi a Kura, ɗan gwaggonsa, marini ne, mu muna ce masa Baffa. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tsiya har a taru ana dariya. A shekarar nan Baffa ya sa aka saƙa masa saƙi, ya kai aka buga, ya kawo wa Baba ya yi masa babbar riga ta Sallah. Ni kuwa ina ta kuka a gida, sa'o'ina duk an yanka musu sababbi. Baba ya cire kamu biyu. Da riga ta fito, hannun hagu bai kai na dama ba. Baffa ya zo rumfa ran kasuwa ya yi magana.

Baba ya ce, “Ban rantse ba, wannan Allah ya kiyaye ni. Amma na ce masa a gaban mutane shi ne bai iya awo ba, shuni ya rina masa ƙwaƙwalwa. Aka yi ta yi masa dariya. Ya naɗe rigarsa ya tafi.”

Tun daga ranar, in sun haɗu a suna ko jana'iza sukan yi sallama su gaisa, don kada su shiga cikin masu gaba. Amma wasa ya mutu. Ni da nake ganin Baffa mutum ne mai ɗaure fuska, ashe ba haka yake ba.

Na ɗauki bargon na fita tsakar gida, na sa reza na farke saƙin daga tsakiya, zare bayan zare. Ya bar rami auduga tana leƙowa. Na yage gefen zanen da nake ɗaure da shi, wanda maigidana ya saya mini, na toshe ramin da shi. Bai dace da komai a kewayensa ba. Na koma na ce, “Baba, na tsakiyar yanzu nawa ne, na ba ka halak malak.”

Ya shafa wurin, ya bari na rufe shi. Rawar ta tsaya a ranar. Amma ya ƙi kunu, idonsa yana kan ƙofa. Ya ce, “Ɗumin jiki daban. Ki je Kura.”

Da safe na tari motar da take kai kwandunan tumatir, aka ba ni wuri a gaba. Na sami Baffa a zaurensa yana zaune a kan buzu, hannuwansa baƙi har wuyan hannu kamar na duk wanda ya tsufa a karofi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya tambayi mai jiki. Na ce jiki ya yi tsanani. Sannan na kwance bakin mayafina na ajiye ɗan saƙin a gabansa, na faɗi abin da aka aiko ni.

Bai taɓa shi ba. Ya ce, “Kina tsammani yau na sani? Bayan Sallar nan da kwana kaɗan aka yi suna a gidan kakarku. Ina zaune a waje sai ga ki kin fito a guje cikin saƙina, kina juyi kina nuna wa yara. Kika zo kika durƙusa kika gaishe ni, na ba ki alawa.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Da na buɗe baki a ranar, da an tuɓe miki ita a gaban mutane. Shi ya sa na yi shiru. Na ce zai zo da kansa. Shekara ashirin da wani abu ina jira.”

Na ce, “Baffa, don Allah don Annabi. Ba zai iya tashi ba. Ka ce ka yafe in kai masa.”

“Yafiya ba tumatir ba ce da za a aika ta a kwando. Kamu biyu ba su dame ni ba, na rina dubunsu. A gaban mutane ya mai da ni mahaukaci, a gaban mutane zai gyara. Ki ce masa ina zuwa ran Juma'a in an sauko.”

“Baffa, yau Talata.”

“Na san kwanaki. Akwai kayan mutane a cikin ruwan rini, in na bar su sun lalace, sai ni ma in kwanta ina aika 'yata gida-gida. Ɗauki ƙyallenki.”

A hanyar dawowa, mota tana tsalle a kan hanyar bakin kanal, ba abin da nake saƙawa sai ƙarya. Kalma biyu ce kawai: ya yafe. Baba zai sha kunu, zai yi barci. In Juma'a ta same shi da rai sai a san yadda za a yi, in ba ta same shi ba ya tafi da kwanciyar hankali. Har na shirya yadda zan faɗa. Da na ɗaga asabari na ga idonsa a kaina, sai na tuna cewa ƙarya guda ce ta kawo mu nan, wadda aka yi don a faranta mini. Na ce, “Ya ce sai Juma'a. Ya ce kuma a gaban mutane.”

Baba ya lumshe ido ya ce, “Ya yi daidai. Allah ya kai mu.”

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon Laraba da Alhamis ɗin nan ba. Ina wanki ina kasa kunne, in tarin ya yi shiru sai in saki abin da ke hannuna in ruga. Ran Alhamis da rana ya daina gane ni na ɗan lokaci, yana kirana da sunan mahaifiyata, yana cewa a miƙo masa almakashi. Na zauna na riƙe ƙafarsa ta cikin bargon ina karanta abin da ya sawwaƙa. Na yi fushi da Baffa, na nemi gafarar Allah, na sake yin fushin.

Juma'a ta same shi da rai, da hankalinsa kuma. Na goge masa jiki da ruwan ɗumi, na sa masa hula. Bayan an sauko, liman ya shigo da dattawa huɗu, biyu daga cikinsu tsofaffin 'yan kasuwa ne da suke wurin a wancan lokacin. Aka jingina Baba da bango. Ni ina daga bakin ƙofa. Aka jira har inuwa ta fara tsawo, ba wanda yake magana sai tasbihi. Na fara cewa a raina ba zai zo ba, sai muka ji sallama.

Baffa ya shigo sanye da rigar. Ta koɗe, ninkin ajiya ya yi mata layi-layi, tana warin adaka. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya saki hannuwansa, kowa ya ga na dama ya sauka har ƙasan gwiwa, na hagu ya tsaya a sama.

Baba bai jira an gama gaisawa ba. Ya ce, “Jama'a, ku shaida. Saƙin da mutumin nan ya kawo mini cikakke ne. Ni na cire kamu biyu na yi wa 'yata riga. Na kuma ƙaryata shi a kasuwa, na sa aka yi masa dariya. Awonsa daidai ne. Ni ne na ci amana.” Ya tsaya ya yi numfashi. “Ɗan'uwa, ka yafe mini.”

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya sunkuyar da kai ya ce, “Har da ni a masu dariyar. Allah ya yafe mana.”

Baffa ya zauna a bakin gado. Ya ce, “Na ji. Amma ni ɗinki na kawo, ba a gama mini ba. Ina sauran kayana?”

Na miƙa ɗan saƙin. Bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, gefensa duk ramukan allura. Baffa ya zaro allura daga jikin hularsa, ya ɗora gajeren hannun rigar a kan cinyar Baba, ya ce, “Mayar da shi inda ka ɗauko.”

Liman ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya girgiza masa kai. Na zura zare na ba Baba. Allurar ta kuskure sau biyu kafin ta shiga. Ba ya gani sosai, da yatsa yake laluben bakin yadin. Ɗaki ya yi tsit, ana jin shigar allura da fitarta. Ya yi abin da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, a karkace, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya ƙulla, ya kai zaren baki zai yanke, babu haƙoran gaba. Baffa ya sunkuya ya yanke da nasa.

Ya ɗaga hannun rigar, ƙyallen yana reto kamar kunnen akuya. Ya juya shi yana nuna wa dattawa.

“Ku duba aikin telan da ake yabo. Shekara ashirin da riga ɗaya, ga abin da ya fito.”

Baba ya ce, murya can ƙasa, “Daidai da mai ita.”

Dattawa suka fashe da dariya. Baffa bai yi ba. Ya kama hannun Baba da baƙin hannunsa ya riƙe, ya daɗe a haka, sannan ya ce, “Na karɓi kayana cif. Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini jan ran da na yi maka.”

Baba ya ce, “Na yafe.” Ya jingina kansa da bango, ya juyo wajena ya ce, “Akwai sauran kunun nan?”